Matani da Hashiya: Wane Rubutu Ya Kamata Sabon Shiga Buɗaɗɗiyar Manhaja Ya Fara Da Shi?

Duk watan Satumba ɗalibai daga Kano, Katsina, Zariya da Sakkwato kan sauka a Manchester da Birmingham domin karatun digiri na biyu ko na uku, wasu da tallafin PTDF, wasu da kuɗin gida. Digiri na biyu a Ingila galibi shekara guda ne cur, saboda haka babu makon da za a ɓatar. Tun ɗalibi bai gama gane motar da ke zuwa titin Oxford Road ko unguwar Selly Oak ba, malaminsa zai ce masa ya sauke R ko Python, ya zana taswira da QGIS, ko ya tura lissafinsa zuwa babbar kwamfutar jami'a, wato CSF a Manchester ko BlueBEAR a Birmingham, waɗanda duka Linux ke tafiyar da su. R, Python, QGIS da Linux duk buɗaɗɗun manhajoji ne. Asalin rubutun da aka gina su da shi a fili yake, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya raba wa wasu. Ba wanda ya sayar maka da su, don haka ba kantin da za ka koma ka ce kaya sun ƙi aiki. Abin da zai fitar da kai rubutu ne.

Rubutun nan iri biyu ne. Akwai wiki, shafukan intanet da duk wanda ya yi rajista ke iya gyarawa, gyaran kuma ya bayyana nan take. Akwai kuma tacaccen jagora, wanda wasu sanannun mutane ke riƙe da shi, suke jera darussansa, ba kuma abin da ke shiga cikinsa sai wani ya duba ya amince. Masu gina manhaja sun daɗe suna muhawara kan wanne ya kamata su zuba ƙarfinsu a kai, amma yawanci da idon gwanaye suke kallon batun. Ni daga wurin ɗan koyo nake so in duba shi, wanda Bahaushe ya riga ya siffanta da cewa baƙo makahon gari ne. Nakasar sabon shiga ba ta tsaya ga rashin sanin amsa ba. In aka ajiye masa amsa biyu, ɗaya mai rai ɗaya matacciya, ba shi da abin da zai bambance su. Daga nan duk hukuncina ya taso.

Binciken da cibiyar Software Sustainability Institute ta yi a 2014 ya nuna girman lamarin. Cibiyar, wadda aka kafa a 2010 kuma Jami'ar Manchester na cikin masu riƙe da ita, ta tambayi masu bincike a manyan jami'o'in Birtaniya 15. Kashi 92 cikin ɗari suka ce suna amfani da manhajar bincike, kusan bakwai cikin goma kuma suka ce aikinsu ba zai yiwu ba sai da ita. Waɗannan likitoci ne da masana ƙasa da tattalin arziki da sinadarai. Akasarinsu ba kimiyyar kwamfuta suka karanta ba, buƙata ce ta kai su.

Manchester ta riga kowane gari sanin wannan matsala. A jami'arta ne, ranar 21 ga Yuni 1948, injin da Freddie Williams da Tom Kilburn da Geoff Tootill suka haɗa ya fara gudanar da shirin da aka adana a cikin ƙwaƙwalwarsa. A Fabrairun 1951 kamfanin Ferranti ya kawo wa jami'ar injin Mark 1, kuma a wannan shekarar Alan Turing ya fitar da littafin jagora ga masu rubuta masa shiri, wanda ake lissafawa cikin na farko-farko a duniya. Ta fuskar iko da batu ba a iya neman marubucin da ya fi shi. Duk da haka littafin ya yi suna wajen wahalar da masu koyo. Ana rubuta umarni da haruffan injin telegiraf guda 32, kowane harafi na wakiltar lamba, ana kuma jera lambobin a juye, ƙarama a farko. Turing ya saba da wannan har ya daina ganinsa a matsayin cikas. Wanda ƙwaƙwalwarsa ta yi daidai da ta marubucin ya amfana ƙwarai: Christopher Strachey, malamin makarantar Harrow a lokacin, ya karɓi kwafi ya rubuta doguwar manhajar wasan dara irin na Turawa. Sauran jama'a kuwa sai da Tony Brooker ya zo ya sake fasalin littafin a 1952, daga baya a 1954 ya ƙirƙiro sauƙaƙƙen harshen nan na Autocode, sannan masana wasu fannoni suka samu ƙofar shiga.

Na tsaya a kan wannan ne domin kada a ɗauka tacewa da ƙwarewa abu guda ne. Gwani yakan tsallake matakin da ƙafarsa ta daina ji. Littafin da mutum ɗaya ya rubuta, komai iliminsa, yana ɗauke da makantar mutumin nan ɗaya, sai fa in an zaunar da ɗan koyo a gabansa an ga inda yake tuntuɓe.

Shekara 41 bayan wancan littafi, a Fabrairun 1992, Owen Le Blanc na cibiyar kwamfuta ta Jami'ar Manchester ya fitar da MCC Interim Linux. Linux bai fi wata shida da sanarwa ba a lokacin, wanda ke son sa sai ya bi ya tattaro gutsattsarinsa da kansa. Le Blanc ya zaɓi abin da ya isa a fara da shi, ya tara a faifan fulofi, ya tsara yadda za a girka shi mataki-mataki. Gudummawarsa zaɓi ne da jeri: ya ɗauke wa baƙo nauyin yanke shawarar da bai kai ga iya yankewa ba. A shekarar ce kuma aka fara aikin Linux Documentation Project, wanda maƙalolinsa na yadda-ake-yi kowacce ke ɗauke da sunan mai kula da ita da ranar da aka sabunta ta. Suna da kwanan wata. Zan dawo kansu.

Wiki ya zo ne daga baya, a Maris na 1995, daga hannun Ward Cunningham a Portland ta Amurka, sunan kuma kalmar mutanen Hawai ce mai nufin sauri. Wikipedia ta biyo a Janairun 2001 ta nuna wa duniya abin da taron hannaye ke iya ginawa, sai kusan kowace buɗaɗɗiyar manhaja ta buɗe nata wikin. Dalilin a bayyane yake. Masu gina manhajar 'yan sa-kai ne, rubuta bayani kuwa shi ne aikin da kowa ke turawa gobe. Wiki ya yi alkawarin cewa masu amfani za su rubuta da kansu. Aikin gayya ke nan, kuma mun san ƙarfin gayya: gonar da za ta ci wa mutum ɗaya wata guda sai a nome ta kafin azahar. Amma gonar da ake wa gayya tana da mai ita. Bayan an ci an sha an watse, shi ne zai dawo maimai, ya cire ciyawar da ta sake tsirowa. Shafin wiki sau da yawa gayya ce a gonar da ba ta da mai ita. Ranar rubutawa hannaye sun yi yawa, ranar cirewa babu kowa, domin ƙara sakin layi yana da daɗi, goge na wani kuwa yana buƙatar tabbaci da ƙarfin hali.

A nan ne bambancin manhaja da sauran ilimi yake. Maƙalar Wikipedia kan Sarkin Kano Muhammadu Rumfa in ta yi daidai bana, baɗi ma daidai take. Manhaja kuwa tana sauyawa a ƙarƙashin rubutun da aka yi a kanta. A ɗauki Ubuntu, nau'in Linux da sabbin shiga suka fi farawa da shi. Tun fitowarsa a Oktoban 2004 yake sakin sabuwar siga duk wata shida. A sigar 15.04 ya sauya tsarin da ke tada ayyukan injin zuwa systemd. A 17.10 ya bar fuskar Unity ya koma GNOME. Tsarin nuna hoto a allo ya tashi daga Xorg zuwa Wayland a 17.10, ya koma Xorg a 18.04, ya sake komawa Wayland a 21.04. Kowane sauyi ya kashe ɗaruruwan umarnin da suke daidai jiya, amma shafukan na nan, injin bincike na ci gaba da kawo su a sahun gaba, don sun fi daɗewa kuma an fi ambatonsu.

Ga misalin da ya shafe mu kai tsaye. Ɗaliba na rubuta kundinta kan adabin Hausa tana son ƙ da ɗ da ɓ su fito daidai. Linux na ɗauke da tsarin madannai na Hausa, har iri biyu, na Najeriya da na Gana, kuma a GNOME ana ƙara shi daga wurin saituttuka cikin minti guda. In ta bincika intanet, mai yiwuwa ta fara faɗawa kan tsohon bayanin da ke cewa ta buga umarnin setxkbmap ko ta gyara fayil ɗin Xorg. A zamaninsa bayanin gaskiya ne. A kan Wayland ba zai yi abin da aka ce zai yi ba. Gwani kallo ɗaya zai yi ya gane shekarun shafin daga sunayen da ke ciki, kamar yadda ɗan kasuwar Kwari ke gane atamfa tsohuwar yayi daga nesa. Ita kuwa za ta ɗora laifin a kanta. Wannan ne illar da ta fi damuna. Tsohon shafi yana cinye wa gwani minti biyu, amma ɗan koyo yakan bar shi da zaton cewa kansa ne ba ya ja, wasu daga nan suke rufe kwamfutar su koma abin da suka saba.

Akwai kuma raunin ƙofar da take buɗe. A Janairun 2013 wani ya bi ta wata kafa a manhajar MoinMoin ya share wikin Python, sai da aka bi rumbunan ajiya aka farfaɗo da abin da ya samu. A 2016 masu cusa tallace-tallacen banza suka addabi wikin Ubuntu har aka taƙaita izinin gyara ga waɗanda aka tantance. Mafi girman sauyi shi ne na MDN, taskar bayanin gina shafukan intanet da Mozilla ta buɗe a matsayin wiki a 2005. A Disamban 2020 aka mayar da ita GitHub, inda duk gyara ke jiran wani ya duba kafin ya fito. Shekara 15 na gogewa suka kai su ga wannan shawara.

Birmingham ta ba da nata darasin ta wata fuska. A 2005 majalisar birnin, da tallafin gwamnatin tsakiya ƙarƙashin shirin Open Source Academy, ta ƙudiri ɗora Linux a kwamfutoci 1,500 na ɗakunan karatunta. A ƙarshen 2006 guda 200 aka yi. Rahotannin da suka biyo baya sun ambaci ƙarancin ma'aikatan da suka san tsarin. Ba na cewa littafi guda zai ceci aikin, sha'anin ya fi haka sarƙaƙiya. Abin lura shi ne a wancan lokacin bayani kan Linux ya cika intanet maƙil, a birnin ma akwai cibiyar OpenAdvantage mai wayar da kan ƙananan kamfanoni kan buɗaɗɗiyar manhaja, inda Jono Bacon ya yi aiki kafin ya koma kamfanin Canonical a 2006 ya zama mai kula da jama'ar Ubuntu. Yawan bayani bai zama ƙwarewa a hannun ma'aikacin laburare ba. Tsakanin bayani da iyawa akwai aikin jerawa da gwadawa da koyarwa, aikin da ke cin lokaci da albashi.

To, kada a ce na yanke wa wiki hukunci ban saurari shaidunsa ba, alhali babban shaidarsa ma a garuruwan nan biyu ya girma. Steve Coast ya fara OpenStreetMap, taswirar duniya ta 'yan sa-kai, a Birtaniya a 2004. A Mayun 2006 aka yi gangamin zana titunan Manchester da aka kira Mapchester. Babban taronsu na farko a Manchester aka yi shi a Yulin 2007, na 2013 kuma a Jami'ar Aston da ke Birmingham, garin da ƙungiyar Mappa Mercia ta daɗe tana aiki. A wannan taswira ba hukumar da ke yanke yadda za a yi wa abu alama. Masu zane ne ke ƙirƙira, su yi gardama, su daidaita, wikin kuma shi ne kundin da ke riƙe da abin da aka daidaita a kai. Tun da a Ingila aka haife ta, rabe-raben hanyoyinta na Ingila ne. Akwai alamar unclassified, wadda a tsarin Birtaniya ke nufin ƙaramar hanyar jama'a marar lambar A ko B, sabbin shiga kuwa kullum suna ɗauka tana nufin hanyar da ba a san irinta ba. Da zane ya isa Afirka sai tambaya ta taso: hanyar burji da ke haɗa garuruwa biyu masu kasuwa, wadda manyan motoci ke bi duk mako, babbar hanya ce ko turbar gona? Masu zanen nahiyar da ma'aikatan agaji suka buɗe shafinsu a wikin, Highway Tag Africa, suka kafa ƙa'idar cewa amfanin hanya ga tattalin arziki da zirga-zirgar jama'a ne ke ba ta matsayi, ko da kwalta ko babu. Ba su jira wani edita a Landan ya fahimci hanyar ƙauyen Maraɗi ba.

Wannan hujja ce mai nauyi, musamman gare mu. Editan tacaccen jagora yana rubutu ne domin mai karatun da yake hangowa, kuma da wuya mai karatun nan ya zama Bahaushe mai neman ƙ, ko mai tsohuwar kwamfutar da aka sayo a kasuwar Farm Centre, ko wanda datarsa ba za ta ɗauki sauke gigabait biyar ba. Buƙatun gefe a wiki suke samun masauki. Sai dai a duba abin da OpenStreetMap ɗin kanta ta yi wa baƙinta. Ba ta jefa su cikin dubban shafukan wikin ba. Manhajar zane ta iD, da ta fito a 2013, tana buɗewa da ɗan darasin da ke riƙe hannun mutum ya zana hanyarsa ta farko da gininsa na farko, ƙungiyar agaji ta HOT kuma ta tsara jagoran LearnOSM babi-babi. Ko a gidan da wiki ke sarauta, ƙofar shiga tacacciya ce.

Mu da muka san karatun zaure ba baƙon tsari ba ne wannan. Ba a miƙa wa yaro Muhtasar ranar farko. Yakan fara da Ƙawa'idi, ya bi ta Ahalari da Ishmawi da Iziyya kafin Risala, malam na biya masa layi-layi, ba ya ƙara masa sai na jiya ya zauna. Wannan matani ne: gajere, jerarre, an san mawallafinsa, an san wanda ya karantar da shi da wanda ya karantar da wancan. A gefen takardar kuma da tsakanin layuka akwai hashiya, inda ɗalibai da malamai na zamani daban-daban suka rubuta fassarar kalma da ajami, ko saɓanin wani malami, ko mas'alar da ta taso a garinsu. Sau da yawa ilimin da ke gefen ya fi na tsakiya yawa da daɗi. Amma hashiya tana amfanar wanda ya riƙe matani ne, domin shi ya san wace jimla ake wa ta'aliki, kuma shi ke iya gane hannun malami daga hannun almajirin da bai gama fahimta ba. A ganina wiki hashiya ce, kuma kuskuren manhajoji da yawa shi ne sun miƙa wa baƙo hashiya ba tare da matani ba.

Za a kawo mini ArchWiki, kuma da gaskiyar mai kawowa. Wikin Arch Linux ya yi fice har masu amfani da wasu nau'o'in Linux na komawa gare shi. To amma a leƙa cikinsa. Yana da tawagar masu kula da ke bin gyare-gyare, da tsauraran ƙa'idojin salo, da tambarin da ake liƙa wa shafin da ya tsufa ko ake shakkar sahihancinsa. Arch kuma siga ɗaya tak yake da ita mai sabuntuwa kullum, saboda haka shafi ba ya buƙatar ya yi wa zamani biyar magana a lokaci guda. Sannan bai ɓoye cewa masu son haƙa da hannunsu yake nufi ba, har a 2016 aka narkar da jagoran masu farawa cikin taƙaitaccen jagoran girkawa. Gentoo, wani nau'in Linux, ita ma ta ɗora babban littafinta a kan wiki, amma ta kulle shafukansa, masu gina manhajar ne ke gyarawa, sauran jama'a su ba da shawara a shafin tattaunawa. Ashe sunan manhajar da aka ɗora rubutu a kai ba shi ne ma'auni ba. Wiki mai makiyaya tacaccen jagora ne a aikace, jagoran da aka rubuta aka watsar kuwa ya fi kowane wiki haɗari, domin yana sanye da rigar hukuma, mai karatu ba zai yi masa zargi ba.

Daniele Procida, wanda ya fara yaɗa tsarinsa a tarukan 2017 kuma kamfanin Canonical ya rungume shi bayan ya koma can a 2021, ya raba rubutun manhaja gida huɗu a abin da ya kira Diátaxis: darasin ɗan koyo, hanyar warware wata buƙata takamaimai, kundin duba bayani, da sharhin dalilai. Amfanin rabon a wurina shi ne ya nuna inda gayya ke aiki da inda ba ta yi. Hanyoyin warware buƙatu ba su ƙidayuwa, kowacce kuma tana tsayawa da ƙafarta, don haka taro ya fi kowane edita iya tara su. Darasin farko kuwa tafiya ce guda daga farko zuwa ƙarshe. Dole mataki na bakwai ya dogara ga abin da aka koyar a na uku, dole kuma a yi shiru kan hanyoyi tara domin a nuna ɗaya. Wannan shirun ne wiki ba ya iyawa. Kowane mai wucewa yana da hanyarsa da yake ƙauna, zai ƙara ta da kyakkyawar niyya, kafin shekara biyu darasin ya zama mararraba.

Tacewa ma tana da farashinta, kuma ba ƙarami ba ne. Da aka mayar da rubutu GitHub, wanda ya ga kuskuren harafi ɗaya sai ya buɗe asusu, ya koyi yadda ake miƙa gyara, ya jira. Sabon shiga, wanda shi kaɗai ke ganin ramin da gwani ya daina gani, shi ne wannan shingen ya fi tarewa. Makantar da ta sami littafin 1951 na iya dawowa ta wannan ƙofa. Amsa mafi gamsarwa da na gani a aikace ita ce ta The Turing Way, buɗaɗɗen littafin jagoran bincike da Kirstie Whitaker ta jagoranta a Cibiyar Alan Turing, wanda ya fito a 2019, kuma cikin tawagarsa ta farko akwai ma'aikatan laburaren jami'o'in Manchester da Birmingham. Ana duba kowane gyara kafin ya shiga, amma sun ɗauki koyar da miƙa gyaran a matsayin aikinsu. A Mayun 2019 suka yi zaman rubutu na gayya a Manchester, inda aka zaunar da sabbin hannu kusa da tsofaffi, kuma suna rubuta sunan duk wanda ya taimaka, ko da tambaya ya yi ko kuskure ya nuna. Ɗaruruwan mutane sun sa hannu a littafin, bai kuma tarwatse ba. Gayya ce a gona mai mai ita. Darussan Software Carpentry da jami'o'in Birtaniya ke koyarwa su ma haka suke: kowane darasi na da masu kula da shi, ana koyar da shi gaba da gaba, ɗalibi na liƙa 'yar takarda mai launi a kwamfutarsa in ya maƙale, abin da aka gani a aji kuma ya koma cikin rubutun.

Ga ɗalibin da ya iso bana, shawarata a sarari take. Ya fara da jagoran da jami'arsa ta rubuta wa babbar kwamfutarta, domin su suka san yadda suka saita ta, sannan darasin farko na manhajar kanta, na sigar da ke kan injinsa, ya bi shi har ƙarshe ba tare da leƙe-leƙe ba. Bayan nan wiki nasa ne, kuma zai same shi taska. Duk shafin da ya buɗe ya nemi abu biyun nan na 1992, wa ke kula da shi da yaushe aka taɓa shi, ya ƙara da na uku, wace siga ake nufi. Umarnin da ya fara da sudo, wanda ke ba da ikon taɓa ko'ina a injin, kada ya buga shi daga shafin da bai amsa waɗannan ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne namu rubutun. Masu sa-kai na Wikipedia ta Hausa sun nuna cewa muna da hannayen gayya, kuma ina jin sha'awar da ke cewa mu buɗe wikin Hausa na Linux da Python kowa ya zuba abin da ya sani. Ina tsoron a fara da nan. Wikin da ke gyara kansa yana buƙatar dubban idanu, mu kuwa a wannan fanni 'yan kaɗan ne, ga kalmominmu ba su gama zama ba: wani zai rubuta manhaja, wani sofwaya, wani ya bar Turancin yadda yake, mai koyo ya zaci abubuwa uku ne. Abin da ƙarfinmu zai iya riƙewa shi ne ɗan matani, shafi 30 ko 40, mai kalmomi daidaitattu, da sunan mutum biyu ko uku a kansa, da lambar siga a shafin farko, babin haruffa masu lanƙwasa kuma ya zo da wuri. Kafin a sake shi a zaunar da wanda bai taɓa ganin Linux ba ya bi shi, marubutan na kallo ba su ce uffan ba, suna rubuta duk inda ya tsaya. A gefensa sai a buɗe wiki domin firintar da ta ƙi, da tsohuwar kwamfuta, da dabarar tsimin data, masu kula kuma su riƙa ɗebo abin da ya tabbata suna shigarwa ciki. Ubuntu na fitar da sigarsa mai dogon tallafi a watan Afrilu duk shekara biyu, ɗalibai kuma na isowa a Satumba. Wata biyar ke tsakani, sun isa mutum uku a Manchester ko Birmingham ko Zariya su girka sabuwar sigar a injin da ba komai a kansa, su bi littafin daga shafin farko, su gyara abin da ya mutu, su sauya kwanan watan.